Wasiƙa Zuwa Ga 'Yan Matan Kafanchan Masu Son Shiga Fim

Ya ku 'ya'yana,

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yawan 'yan matan da nake ji suna cewa su fim za su shiga. Da yawanku finafinan Koriya ne suka cusa muku wannan sha'awa. Yayyenku sun kalli Jewel in the Palace da Jumong a talabijin, ku kuwa ana tura muku a waya a shagon caji, ku raba dare kuna kallo. Ba zan ce ku bar wannan buri ba. Wasan kwaikwayo sana'a ce mai mutunci ga wanda ya riƙe ta da mutunci, kuma ina son in ga 'ya'yan yankinmu a cikinta. Damuwata ɗaya ce: kuna ganin jaruma ne ranar da ta fi kyau, an yi mata kwalliya, an haska mata fitila. Shekarun da ta yi kafin wannan rana ba a nuna muku su. Su nake so mu tattauna.

Tunda Koriya kuke so, bari in fara da wata tsohuwa daga can, Youn Yuh-jung. An haife ta a 1947. Tana ɗalibar jami'a ta ci tantancewar wani gidan talabijin a 1966, kuma a 1971 ta yi fice da fim ɗin Woman of Fire na darakta Kim Ki-young. Tana tsakiyar tashe ta yi aure, ta bi mijinta Amurka, ta ajiye sana'ar wajen shekara goma. Da ta dawo gida auren ya mutu, ga 'ya'ya maza biyu a hannunta, ga jama'ar da a wancan zamani ba ta kallon bazawara da daraja. Matar da a da sunanta ne a saman fosta ta koma karɓar ƙananan fitowa don ta ciyar da yaranta. Ta fito a uwa, ta fito a suruka, ta fito a kaka, shekara bayan shekara, tana haddace layukanta tana zuwa wurin aiki a kan lokaci. Sai a watan Afrilun 2021, tana da shekara 73, ta karɓi kyautar Oscar saboda fitowarta a kaka cikin fim ɗin Minari, kuma kafin ita babu ɗan wasan Koriya da ya taɓa samun wannan kyauta. Ku lissafa daga 1966 zuwa 2021: shekara 55 ke nan. Kyawun fuska ba ya kai mutum wannan nisa. Iya aiki ne ya riƙe ta lokacin da ƙuruciya da aure da tashe duk suka tafi.

A cikin wannan wata na Afrilun 2021 ne mu kuma muka yi rashin tamu, Rachel Bakam, 'yar kudancin Kaduna, tana da shekara 38 kacal. Allah bai ba ta tsawon ran da ya ba waccan ba, amma ku duba yadda ta yi da nata rabon. Ta karanta Turanci da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta ƙara da koyon haɗa fim a makarantar New York Film Academy. Ta fito a finafinai, amma ba ta zauna jiran a kira ta ba. Ta kafa kamfaninta, ta shirya shirin talabijin nata mai suna Trends and Rachel, tana gabatarwa da kanta. Haka kuma Katung Aduwak ɗan Zonkwa, wanda ya lashe gasar Big Brother Nigeria ta farko a 2006. Suna ya zo masa a dare ɗaya, da kuɗi a kai. Ya tafi ya koyi aikin darakta, daga baya ya ba da umarnin fim ɗin Heaven's Hell. Ina ambaton waɗannan biyun ne don kada wata ta ce mutanenmu ba su da ƙofa a wannan harka. Ƙofa akwai, kuma duk su biyun ta makaranta suka bi.

Wadda kuka fi sani ita ce Rahama Sadau, haifaffiyar garin Kaduna a 1993, wadda ta shiga Kannywood a 2013. A watan Oktoban 2016 ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta kore ta daga masana'antar saboda wani bidiyon waƙa da ta fito a ciki tare da mawaƙi ClassiQ. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan hukunci, kuma ba shari'arsa na zo yi ba. Darasi biyu na gani a ciki. Na farko, masana'antar Kano gida ce mai dokokinta, tana da hukumar tace finafinai tun 2001, kuma masu kallonta suna auna jaruma da abin da take yi ko a wajen fim. Wadda za ta shiga, Kirista ce ko Musulma, ta san wannan tun daga bakin ƙofa, ta yanke wa kanta abin da za ta iya ɗauka. Na biyu, abin da ya hana korar nan binne Rahama shi ne tana da wata hanyar. Tana jin Turanci, ta fito a Sons of the Caliphate a shekarar da aka kore ta, ta shirya nata fim Rariya a 2017, ta fito a Up North a 2018, ta yi digiri a Sayifurus, har ta kai ga fitowa a fim ɗin Indiya a 2022. 'Yan mata nawa ne irin wannan guguwa ta ɗauke, ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba, don fuska kaɗai suka zo da ita?

Yanzu maganar kuɗi, wadda ba a son faɗa muku. A 2022 dattijuwar 'yar wasa Ladin Cima ta shaida wa BBC Hausa cewa akwai fim ɗin da ake sallamarta da naira dubu biyu, bayan shekarun da ta shafe a harkar. Maganar ta tayar da ƙura, wasu furodusoshi suka musanta, amma duk wanda ya san lokeshan ya san sabuwar fuska ba ta samun abin kirki. Kasuwar faifan CD da ta riƙe masana'antar ta mutu, yanzu shiri mai dogon zango ake yi a YouTube da tashoshi irin Arewa24, kuɗin kuma yana zuwa ne a hankali, ga mai shirin. Saboda haka kada wadda ta bar makaranta ko ta rufe shagon ɗinkinta don an yi mata alkawarin fitowa. Ku riƙe abin da ke ciyar da ku. Ku kuma koyi wani aiki na bayan kyamara: rubuta labari, ɗaukar sauti, tace hoto, kwalliya, sutura, lura da ci gaban shiri. Mai tace hoto tana aiki ko ta tsufa, ko tana da juna biyu, ko an daina yayin fuskarta.

Akwai abin da ya fi rashin kuɗi muni, kuma a nan nake so ku saurare ni da kyau. Da yawanku kun kalli Boys Over Flowers. A cikin 'yan matan da ke tsangwamar jarumar a makaranta akwai wata 'yar wasa mai suna Jang Ja-yeon. A watan Maris na 2009, shirin yana kan tashe, ta kashe kanta, ta bar rubutun da ke cewa ana tilasta mata zama da manyan mutane da biya musu buƙata. A shekarar ne hukumomin Koriya suka fito da tsarin yarjejeniya da ya hana kamfani ɗaure ɗan wasa fiye da shekara bakwai. Ƙasar da kuke gani kamar aljanna ke nan. Mu nan da yawancin aiki da baki ake ƙulla shi, ku kuka fi buƙatar tsaro. Duk wanda ya ce ki same shi a ɗakin otal da dare don tantancewa, ba darakta ba ne a wannan daren, ko da sunansa ya cika gari. Duk wanda ya ce ki turo kuɗin fom ko hoton jikinki ta WhatsApp kafin a saka ki a fim, ki toshe lambarsa ki faɗa wa babba. Tantancewar gaskiya da rana ake yinta, a gaban mutane. Ki je da yayanki ko innarki, ki tambayi sunan kamfani da rajistarsa, ki nemi a rubuta nawa za a biya ki da ranar biya, ki ba wanda ya san doka ya karanta kafin ki sa hannu. Idan kuma abin ya riga ya faru da wata a cikinku, laifin na wanda ya cuce ta ne. Ta yi magana, mu iyaye kuma mu karɓe ta hannu biyu.

To ina za ku koya? Kun fi 'yan wurare da yawa sa'a, don Jos na nan kusa da ku, tafiyar kamar awa biyu a mota. A can ne Hukumar Finafinai ta Najeriya take, wadda aka naɗa Ali Nuhu shugabanta a Janairun 2024, da makarantarta ta koyon fim, da kwalejin talabijin ta NTA.  Ga kuma sashen wasan kwaikwayo na Zariya inda Rachel ta yi karatu. Kafin ku kai can, ƙungiyar wasan makarantarku ko ta coci ko ta Islamiyya ta isa wurin fara koyon tsayuwa gaban jama'a da fitar da murya. Ku kalli finafinan Koriyan nan da idon ɗalibi: ku tsayar da hoton, ku duba abin da jarumar ke yi da idonta da hannunta lokacin da wani ne ke magana. Rabin wasa sauraro ne.

Kuna da wata dukiyar da ba ku lissafa ta. Yarinyar Kafanchan takan tashi da harshe uku: na gidansu, ko Jju ko Tyap ko Hyam ko Fantswam ko Fulatanci, sannan Hausa, sannan Turanci. Za a yi muku dariyar karin Hausarku a Kano, wannan tabbas ne. Ku koyi ta Kanon har ku ƙware, don kayan aiki ce, amma kada ku yar da taku, don ranar da za a nemi mai fitowa a matar kasuwar Kafanchan babu wadda za ta yi ta kamar ku.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi ci mini rai. Koriyawa ba su ci duniya da kwaikwayon kowa ba. Jewel in the Palace labarin mai dafa abinci ce a fadar sarkinsu, da kayan miyarsu da magungunansu na gargajiya, kuma ga shi mun zauna a nan mun kalla har ƙarshe. Mu fa? Garin da jirgin ƙasa ya tara Ibo da Yarbawa da Hausawa da 'yan ƙasa a layi ɗaya tun wajen 1927 bai rasa labari ba. Ga Gwamna Awan da ya riƙe sarautar Kagoro daga 1945 zuwa 2008. Ga mutum-mutumin Nok da duniya ke zuwa gani a gidajen tarihi. Ga uwar da ta ci bashi ta shuka citta, annobar citta ta 2023 ta ruɓar da gonar, ta rasa kuɗin makarantar 'ya'yanta. Ga maƙwabtan da suka ɓoye juna a rikicin 1987 da na 2011, waɗanda jaridu ba su cika ba da labarinsu ba. Wurin ɗauka kuwa, dutsen Kagoro da ruwan Matsirga da taron Afan na ranar 1 ga Janairu da Tuk Ham na Kwoi sun ishe ku. Abu guda nake roƙo a nan: wadda za ta taɓa labarin rikici ta taɓa shi da tsoron Allah, ta zauna da ɓangarorin biyu kafin ta rubuta kalma ɗaya, don raunin bai gama warkewa ba.

Sana'ar nan kamar citta take, tana watanni a ƙasa ba a ganin komai, mai gaggawar tonowa kuma ba ya samun na kai wa kasuwa. Don haka a hutun nan mai zuwa ku haɗu ku biyar ko shida, mata da maza, na coci da na masallaci. Ku je wurin wata kaka a unguwarku ku roƙe ta labari, ku rubuta shi a shafi uku, ku yi ta gwaji har kowa ya haddace nasa, ku ɗauka da waya da safe lokacin da haske ke da kyau. Ku fara nuna wa iyayenku kafin ku ɗora a intanet, ku nemi albarkarsu. Ku kuma iyaye, idan yaran nan suka kawo muku, don Allah ku zauna ku kalla har ƙarshe.

Allah ya tsare ku, ya yi muku albarka.

Taku,
Goggonku a Kafanchan