Ɗingishin Zomo

Zomo yakan ɓoye ciwonsa, gama a daji wanda ya nuna rauni shi ne abincin shaho. Saboda haka in yaro ya ga zomonsa yana ɗingishi, kada ya yi sakaci.

Sai ya fara duba tafin ƙafafun baya. Kare da kyanwa suna da tsoka mai taushi a tafin ƙafa, amma zomo gashi kaɗai gare shi a wurin. In ƙasan kejinsa na waya ne, ko kuwa kullum a jiƙe yake da fitsari, gashin yakan zube, fata ta yi ja, har ta zama gyambo. Rigakafin wannan shi ne a shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa, a riƙa sakewa.

Ƙasusuwan zomo ba su da ƙwari. In aka ɗaga shi ta kunne, abin da yara suka faye yi, yakan yi ta shure-shure, wani lokaci har ƙashin bayansa ya karye. Sai a tallabi ƙirjinsa da hannu ɗaya, gindinsa da ɗayan. Zomon da ke jan ƙafa, ko ya ƙi cin abinci, a kai shi wurin likitan dabbobi a ranar.