Dusa a Abincin 'Yan Aladu: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Akwai gundumomi inda waɗansu daga cikin talakawa ke kiwon alade, musamman wajen ƙasar Jama'a, inda kasuwar Katsit kusa da Kafanchan ta shahara da cinikinsu. Ko da Hakimi ba ruwansa da wannan dabba, lalle yana da ruwa da masarar da take ci, domin kowane buhu da aka juye mata daga kasuwa ɗaya ya fito da na mutane. Saboda haka ake so masu kiwo su rage hatsi, su ƙara dusa. Amma akwai wata matsala.

Saniya da tunkiya masu tuƙa ne, cikinsu ɗaki huɗu, a cikin tumbinsu kuwa akwai ƙananan halittu masu narkar da ciyawa. Alade cikinsa ɗaya ne, kamar na mutum. Ya iya narkar da garin da ke cikin ƙwaya, amma harza, watau ɓawon nan mai tauri da ya yi yawa a cikin dusa, ta fi ƙarfinsa. Sai ta wuce ƙaramin hanji a rufe da abincin da ke ƙunshe cikinta. A babban hanji kaɗai take ɗan ruɓewa. Tsohuwar alade takan sami wani amfani daga nan. Ɗan da ke tasowa kuwa kaɗan yake samu, sai ya cika ciki, girma bai zo ba.

To, a nan ne ake amfani da abin da masana ke kira enzayim, watau sinadarin narkarwa. Ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. Mace in ta dama kunun zaƙi ya yi kauri, ta zuba niƙaƙƙen dankali ko tsiron hatsi, sai kunu ya tsinke ya yi zaƙi. Aikin enzayim ke nan. Wanda ake sa wa dabbobi a masana'anta ake samo shi, daga waɗansu irin funfuna da ƙwayoyin halitta, sa'an nan a sayar da shi gari.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, kowane enzayim da harzar da yake karyawa, kamar mabuɗi da kwaɗonsa. Zailanes shi ne na dusar alkama da ta masara. Mananes na tunkuzar ƙwarar kwakwa ne, wadda ke saura bayan an matse man alayyadi. Akwai kuma faites, wanda aka fara sayarwa a ƙasar Holan a 1991. Shi ba harza yake karyawa ba, fosfaras yake saki, abin gina ƙashi, wanda wajen kashi 2 cikin 3 nasa a ɗaure yake cikin hatsi. Wanda ya sayi mananes ya zuba a dusar alkama zalla, ya zubar da kuɗinsa.

Kaɗan ake sawa ƙwarai, yawanci giram 10 zuwa 50 a buhu mai kilo 100, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin ƙunshin. Tun da ba shi da yawa, a fara cuɗa shi da mudu ɗaya na dusa, sa'an nan a cuɗa wannan da kwano goma, kana a haɗa da sauran. Zafi yana kashe shi. Masu dafa abincin dabba su bari ya huce tukuna, a kuma ajiye garin inda rana da laima ba su kai.

Kada a yarda da ɗan kasuwa mai cewa da wannan gari dusa ta zama masara. An gwada an gani, amfaninsa ya fi bayyana ga kaji. Ga aladu wani lokaci a ga ƙari, wani lokaci ba a gani. Ba kuwa magani ba ne, ba ya tsare dabba daga annobar zazzaɓin aladu.

Saboda haka ana roƙon Hakimai su shawarci masu kiwo su gwada tukuna. A raba 'ya'yan uwa ɗaya gida biyu, a ba su abinci iri ɗaya, rabi da enzayim, rabi babu. Malamin Hakimi ya rubuta nauyinsu da kuɗin abincinsu kowane mako har mako 8, ya miƙa lissafin ga malamin dabbobi na gunduma.