Kafin a sayi motar ɗaga kaya, a fara duba ƙasan sito

Daga watan Oktoba zuwa Janairu, duk wanda ya bi hanyar Katsina ta gefen kasuwar Dawanau a Kano zai ga tireloli a jere ana sauke masara, dawa, gero, wake, waken suya da riɗi. Yawancin kayan nan ba ranar za a sayar da su ba. Sito za su shiga, a datse ƙofa da kwaɗo, a jira bazara ta wuce, damina ta kankama, farashi ya ɗaga. Lissafin ɗan kasuwa a nan sananne ne: kuɗin saye, kuɗin mota, ladan 'yan dako, hayar sito da albashin maigadi. Abin da ba ya shiga littafi shi ne halin da buhu ke ciki a watanni shida ko bakwai da zai yi a kulle.

Sai ranar da mai saye ya zo aka fara ɗaga kaya ake ganin aika-aika. Layin ƙasa ya yi baƙi ya dunƙule, buhunan da suka jingina da bango suna warin fumfuna, wake kuwa ya huhhuje, in aka girgiza buhu gari ne ke tashi. Mai sito mai buhu 1,000 masu kilo 100 da kowane buhu ya rage kilo 5 kacal ya yi asarar buhu 50, kuma ba a ma zo maganar karyewar farashin sauran ba. Irin wannan ɓarna ba ta jawo ihu kamar sata, shi ya sa ake sayen kwaɗo mai tsada a bar ƙasan sito yadda yake.

Matsalar ba sabuwa ba ce. A zamanin dalar gyada ta Kano, lokacin da ake jibge buhu har kusan 15,000 a dala guda ana jiran jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Legas, ƙwari sun addabi gyadar ƙwarai. A 1948 aka kafa sashen binciken adana amfanin gona na Afirka ta Yamma, wanda daga baya ya zama cibiyar NSPRI mai hedikwata a Ilori da ofis a Kano. Shawarar da masana irin na wannan cibiya ke bayarwa tun wancan lokaci ba ta canja sosai ba, kuma yawancinta ba ta bukatar injin ko ɗaya.

Laima ce abu na farko. Hatsi yana da rai, yana numfashi, kuma in akwai ruwa a jikinsa fiye da kima yakan yi zafi daga tsakiyar tuli. Masara da dawa suna zama lafiya idan ruwan jikinsu bai wuce kashi 13 cikin 100 ba, shinkafa mai ɓawo kashi 14, gyada da riɗi kuwa, saboda man da ke cikinsu, sai an kai su wajen kashi 7. Wanda ya sayi masarar farkon kaka mai kashi 18 ya kulle, ya yi asara biyu. Idan ta bushe ta dawo 13, buhu mai kilo 100 zai koma kusan kilo 94, wato ya biya kuɗin ruwa kilo 6. Idan kuma ba ta bushe ba, fumfuna ce za ta kama ta.

Fumfunar nan ba ɓata launi kawai take yi ba. Wani nau'inta yana fitar da gubar aflatoksin, wadda dafuwa ba ta kashewa, kuma tana da hannu a cutar dajin hanta. A 2004 mutum 125 suka rasu a gabashin Kenya bayan cin masarar da aka adana da danshi. Kamfanonin abincin kaji da masu fitar da kaya waje suna gwada wannan guba, kuma suna mayar da mota guda saboda ita.

Tsofaffin 'yan kasuwa sukan ciji ƙwaya su ji ko ta yi ƙaras, kuma haƙorinsu yakan yi gaskiya sau da yawa. Akwai kuma gwajin gishiri: a zuba busasshen gishiri da ɗan hatsi a busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bari na ɗan lokaci, in gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba. Amma wanda ke zuba miliyoyi a sito ya kamata ya mallaki na'urar auna laima ta hannu, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da lodin tirela guda. A auna a bakin ƙofa, daga buhuna daban-daban, kafin a sallami direba.

Daga nan sai daɓe. Siminti yana kama da busasshe a ido, amma yana jawo danshi daga ƙasa, musamman a Yuli da Agusta, kuma buhun da ke kwance a kansa shi ke shanyewa. Shimfiɗa tamfol ko tsofaffin buhuna ya fi babu, sai dai ba ya barin iska ta ratsa. Maganin shi ne gadon katako, wanda ake kira falet, da zai ɗaga kaya aƙalla santimita 10 daga ƙasa. Girman da aka fi sani a duniya su ne santimita 120 da 100, da kuma na Turai mai 120 da 80. Ba dole sai an shigo da shi ba. Kafinta na unguwa zai iya bugawa in an ba shi ma'auni, muddin katakon ya bushe, ba shi da gara, kuma an danne kan kowace ƙusa. Ƙusa ɗaya da ta leƙo ta isa ta yaga buhun ƙasa, kuma ba za a sani ba sai an kwashe ton goma da ke kansa. Mai niyyar tura kaya ƙetare a kan falet ya sani cewa dokar ISPM 15 ta bukaci a gasa katakon har cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30, ko a yi masa turaren magani, a buga hatimi. Na kafinta na cikin gida ne kawai.

Jeren buhu ma ilimi ne, kuma a nan ne haɗamar wuri ke yi wa mutane illa. Haya da tsada, don haka ana cusa kaya daga bango zuwa bango, har buhun sama ya taɓa kwano. Ƙa'ida ita ce a bar kamar mita ɗaya tsakanin tuli da bango ta kowane gefe, yadda mutum zai zagaya da tocila, a kuma bar sarari a sama wanda mutum zai iya aiki a ciki. Rufin kwano yana gasa layin sama da rana, ya kuma ɗigo masa raɓa da asuba. Buhu ana jera shi ne kamar ginin bulo, wannan layi a tsaye, na kansa a gicciye, bakin ɗinki yana kallon ciki, don su riƙe juna. Buhun algarara yana da kaushi, yakan jure tsayin mita 4. Buhun leda da ya cika kasuwa yanzu santsi gare shi, bai kamata ya wuce mita 3 ba, kuma gara tulin ya riƙa ɗan tsukewa yayin da yake hawa. Tulin da ya rushe a kan mutum ba ciwon wasa yake ji masa ba.

Batun ƙwari shi ne inda aka fi kashe kuɗi, kuma inda aka fi yin kuskure. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo kaya. Macen tana manna ƙwai a jikin ƙwaya, tsutsar ta shige ciki, cikin mako uku zuwa huɗu sabon ƙwaro ya fito ya ci gaba. Abin da wasu ke yi shi ne su yayyafa fiya-fiya kai tsaye a kan wake. Sinadarin dichlorvos da ke cikinsa shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, bayan an sami ragowarsa ya ninka abin da dokarsu ta yarda da shi, wato miligiram 0.01 a kilo. Wanda ya ci waken a gida kuwa ba wanda ya auna masa komai.

Ƙwayar turare irin su Phostoxin tana aiki in an bi ƙa'ida, amma al'adar ƙulla ta a tsumma a cusa cikin kowane buhu ba ƙa'ida ba ce. Ƙwayar mai giram 3 tana sakin giram ɗaya na iskar fosfin, kuma iskar ba za ta kashe ƙwai da tsutsa ba sai an tsare ta. Ana lulluɓe tulin gaba ɗaya da tamfol na musamman marar huji, a danne gefensa da jakunkunan yashi, a bar shi kamar mako guda. In iskar ta zurare, manyan ƙwari su mutu, masu taurin rai su tsira su haifi irinsu, shekara mai zuwa a ce maganin jabu ne. Iskar kuma tana kashe mutum. Ba a yin turaren a siton da ke manne da ɗakin kwana, kuma maigadi ba ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa a kwanakin nan. Aiki ne na wanda aka horar.

Ga wake musamman, buhun PICS ya sauƙaƙa al'amari. Masana na jami'ar Purdue ta Amurka ne suka samar da shi, daga binciken da aka fara da abokan aikinsu a arewacin Kamaru, aka kuma fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhu na uku, kowace a ɗaure ta daban. Ƙwarin da ke ciki su shanye iskar da ta rage, su daina ci, su mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Sharaɗinsa biyu: wake ya bushe kafin a zuba, kuma kada komai ya huda leda. Wannan na nufin ba ja a ƙasa, ba ƙugiya, ba soka ƙarfen ɗibar samfur, ba kuma ɓera. Ƙaramin ɓera yana bi ta ramin da bai fi kaurin fensir ba, don haka ƙasan ƙofa da tagogin iska suna bukatar ƙarfe da raga.

Yanzu a zo kan injuna. Ɗan kasuwa da ya ga sitocin kamfanoni yakan sa ransa a kan motar ɗaga kaya, fokilif, a matsayin alamar ci gaba. Ba a hana shi ba, amma ya yi tambayoyi tukuna. Mai ɗaukar ton biyu da rabi ita kanta tana kusan ton huɗu, daɓen da aka zuba da ƙarancin siminti zai farfashe a ƙarƙashinta. Tana son hanya mai faɗin mita uku da rabi ko fiye don ta juya, kuma da ƙafafun baya take juyawa, abin da ke ruɗa direban mota da bai saba ba. Nauyin da aka rubuta a jikinta na kayan da ke kusa da gindin cokulanta ne. In kaya ya yi gaba ko ya yi sama, ƙarfinta ya ragu, tana iya kifewa. Mai shan gas ko fetur tana cika rufaffen sito da hayaƙi mai guba. Babbar tambaya kuma ita ce: tirelar da ke zuwa daga ƙauye a kan falet take kawo kaya? Buhu-buhu ake loda ta, buhu-buhu za a sauke.

Shi ya sa a yawancin sitocin hatsi ƙananan kayan aiki sun fi biyan kuɗinsu. Sikelin ƙasa mai kyau, wanda ake gwada shi da sanannen nauyi lokaci-lokaci. Baro mai ƙafa biyu na tura buhu, da kura don nesa kaɗan. Jak ɗin falet na hannu, wanda mutum ɗaya zai ja ton biyu da shi in daɓe ya yi sumul. Inda kaya ke da yawa kuma, bel mai injin da ake jinginawa a tirela ko a tuli, ya hau da buhu sama, shi ne ya fi dacewa da yadda ake lodi a nan.

Dalilin ba saurin aiki kaɗai ba ne. Ɗan dako yana ɗaukar buhu mai kilo 100 a ka ko a wuya, ya hau falankin da aka jingina a jikin mota, ya maimaita haka yini guda. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki fiye da kilo 55 shi kaɗai. Ciwon baya da gwiwa da ke zaunar da 'yan dako tun ba su tsufa ba daga nan yake. Mai sito da ya koma buhu mai kilo 50, ya sa falanki mai faɗi da aka buga wa matakai, ya rage wa mutanensa wahala, ya kuma rage buhunan da ke fashewa saboda jifa. Sai dai a daidaita lada da shugabannin 'yan dako tun farko, tunda a kan buhu ake biyansu, kada gyara ya zama rigima.

Taki, fetur da maganin feshi ba sa kwana ɗaki ɗaya da abinci. Fashewar tashar jiragen ruwa ta Beirut a ranar 4 ga Agustan 2020, wadda ta kashe fiye da mutum 200, ta samo asali ne daga ton 2,750 na sinadarin amoniyam naitiret, wanda ake yin taki da shi, da aka bari shekaru a sito ba kulawa.

Sauran aikin na takarda ne da tsintsiya. Kowane tuli a rataya masa kati mai ɗauke da ranar shigowa, yawan buhu, inda aka sayo, laimar da aka auna da ranar turare, kuma abin da ya fara shiga shi ya fara fita, ko da na bakin ƙofa ya fi sauƙin ɗauka. Sabon kaya ba ya hawa kan tsoho. Kafin kaka a fitar da komai, a share har tsagar bango, a toshe ta da siminti, a ƙone sharar a nesa, domin ƙwarin bara a ragowar hatsin lungu da tsofaffin buhuna suke jiran na bana. Sannan sau ɗaya a mako a buɗe sito da yamma, lokacin da ƙwari ke fitowa, a zagaya tuli, a shinshina, a cusa hannu tsakanin buhuna. In aka ji ɗumi a ciki, a rushe wannan ɓangare a ranar, a baza hatsin a kan tamfol ya sha rana, a sake aunawa kafin a mayar.