Rediyonka Lafiyarsa Ƙalau, Eriya Ce Babu

Sana'ata gyaran rediyo da talabijin da ɗaura eriya. A Talata Mafara nake zaune, aiki kuma yakan kai ni garuruwan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Bakolori, irin su Bakura da Maradun. Yawancin rediyon da ake kawo mini da kukan "ya daina kamawa" ko "sai shuuu yake yi", in na kwance shi ba na samun abin gyara. Ko dai sandar eriyar ta karye an liƙa wani guntun ƙarfe a gurbinta, ko kuma a ƙuryar ɗaki mai rufin kwano ake sauraro. Sai mutum ya kashe kuɗin mota ya zo gari, alhali maganin yana gidansa: 'yar waya, da tef ɗin awo, da gora guda.

Akwai dalilin da ya sa abin ya fi damunmu a nan. Tashoshin FM da muke nema a Gusau da Sakkwato suke, irin su Pride FM da gidan rediyon Rima. In aka ja layi a miƙe, tsakanin Mafara da Gusau kimanin kilomita 80 ne, tsakaninta da Sakkwato kuwa kimanin 100. Zangon FM a miƙe yake tafiya, ba ya bin lanƙwasar ƙasa sosai, don haka kafin ya iso mu ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Ɗan abin da ya rage a sama yake, saman rufi da itatuwa. Wanda ke cikin Gusau ko da ƙusa zai kama tasha. Mu sai mun ɗaga eriya mun tare shi.

Duk wanda yake jihar nan a watan Satumban 2021 ya san darajar rediyo. A ranar 3 ga watan ne hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse layukansu a Zamfara saboda matsalar tsaro. Makonni suka shuɗe babu kira, babu intanet. Tsofaffin rediyoyi suka fito daga ƙarƙashin gado, kuma ban taɓa ganin cunkoson aiki irin na lokacin ba. Gidan da ke da eriya mai kyau shi ya zama majalisar unguwa.

Awo kafin yanka

Tun muna yara muke jin masu gabatar da shiri suna cewa "a kan mita 31" ko "mita 49". Wannan awon tsawon igiyar saƙon ne da ke tafe cikin iska, kuma eriya ta fi kama saƙon da tsawonta ya dace da shi. Kamar tsirkiyar molo ce: tsawonta ke yanke irin amon da za ta amsa. Eriyar da ta fi sauƙin yi ita ce mai hannu biyu, wadda tsawonta ya kai rabin igiyar saƙon.

Lissafin guda ne. Ka raba 143 da lambar tashar a megahaz, abin da ya fito shi ne tsawon eriyar gaba ɗaya a mita. Tashoshin FM suna tsakanin 88 da 108 ne. In ka ɗauki 100, za ka samu mita 1 da santimita 43, wato kowane hannu santimita 71 da ɗoriya. Wannan awon zai yi maka aiki a kusan duk tashoshin.

Yadda ake haɗa ta FM

Ka samo wayar wuta ta jan ƙarfe mai ɗan kauri, irin ta 2.5 da ake sa wa soket, ko sandunan tsohuwar eriyar talabijin. Ka yanka guda biyu bisa awon nan, ka ɗaure su a jere a jikin bututun roba, ka bar tazarar yatsa biyu a tsakiya yadda ba za su taɓa juna ba. Wayar da za ta sauko da saƙon ita ce irin ta dish. Zaren tsakiyarta ya tafi hannu ɗaya, saƙar da ke kewaye da shi ta tafi ɗaya hannun. Saƙar wayar dish da ke kasuwa yawanci ba ta kama dalma, don haka kada ka ɓata lokaci da liƙi. Ka matse ta da noti. Bayan nan ka naɗe mahaɗar da salatif ɗin wuta sosai, ka juyar da bakin wayar ƙasa. Ruwan damina in ya shiga cikinta, saƙar za ta ci tsatsa, sautin ya riƙa dusashewa ba ka san dalili ba.

Allah Ya yi mana gata a wuri ɗaya. Daga Mafara, Gusau tana kudu maso gabas, Sakkwato tana arewa maso yamma, kusan a kan layi guda. Eriya mai hannu biyu in tana kwance tana ji ta gaba da ta baya daidai, ba ta ji ta tsininta. Ka shimfiɗa hannuwanta daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, sai ta fuskanci garuruwan biyu lokaci guda. Ka kuma gwada ta a tsaye, domin wasu tashoshin sun fi fita a haka. Ko ta yaya ka ɗaura ta, ta ɗara kwanon rufi da aƙalla mita ɗaya da rabi. A ƙasa, in rediyon mai batir ne kuma ba shi da ramin eriya, ka tura sandarsa ciki ka maƙala mata zaren tsakiya, saƙar kuma ka haɗa ta da gefen batir mai alamar ragi.

In har yanzu sautin bai fita tas ba, sai a koma ga mai kama da ƙashin kifi, irin wadda muka saba gani ta talabijin. Wasu malaman jami'ar Tohoku ta Japan, Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi, suka ƙirƙiro ta a 1926. Za ka ƙara sanda mai santimita 150 a bayan eriyarka da tazarar santimita 60, da wata mai santimita 136 a gabanta da tazarar kimanin santimita 50. Waɗannan biyun ba a haɗa su da waya. Ƙarfinta ya fi, amma gefe guda take ji. Mutumin Maradun ya auna Gusau da ita, mutumin Bakura ya juya ta Sakkwato.

Gajeren zango

Wannan shi ne zangon iyayenmu, wanda ya kawo musu Sashen Hausa na BBC tun 1957 da Rediyon Kaduna tun 1962. Saƙonsa sama yake tashi, ya bugi wani sashe na sararin samaniya ya dawo ƙasa, shi ya sa yake ƙetare ƙasashe. Yanayin wannan sashe yana canzawa da fitowar rana da faɗuwarta. Da rana mita 16 da 19 sun fi fita, da dare kuwa mita 41 da 49.

Don sauraro ba sai an tsananta awo ba. Waya mai riga ta mita 10 zuwa 15 ta isa. Ka ja ta daga taga zuwa itace ko gora, ka ɗaure ƙarshenta da igiyar roba don kada ta taɓa itacen. Kada ka haɗa ta kai tsaye da ƙaramin rediyo, don saƙo zai yi masa yawa tashoshi su hau kan juna. Ka naɗa bakinta, da rigarta, sau biyar ko shida a jikin sandar eriyar. Matsakaicin zango kuwa eriyarsa tana cikin rediyon. Juya akwatin kawai za ka yi har sautin ya fita.

Wani lokacin ƙarar daga cikin gida take. Inbatar sola, ƙwan fitila mai araha, cajar waya da janareta duk suna fitar da hayaniyar da rediyo ke ɗauka. Ka kashe su ɗaya bayan ɗaya kana sauraro, mai laifin zai tona kansa. Sai ka nisanta eriyar daga gare shi.

Inda rai yake

Kada a kafa eriya kusa da wayar wutar lantarki. Kada a ratsa da ita ta sama ko ta ƙasan wayar, kada kuma a ɗaure ta a falwaya. Tazarar ta kai ninki biyu na tsawon gorar, yadda ko iska ta kayar da ita ba za ta kai ga wayar ba. Kada wani ya ce ai an daɗe ba a kawo wuta ba. Ba ta sallama in za ta dawo. In gora ta kuɓuce maka ta nufi waya, sake ta ka ja da baya.

Da damina, da zarar hadari ya haɗo, cire eriyar daga rediyo ka fitar da bakin wayar waje, nesa da inda ake kwana. Yana da kyau a kafa sandar ƙarfe a ƙasa mai danshi a haɗa saƙar wayar da ita, amma wannan ba ya hana tsawa faɗawa. Cirewar ita ce kariya. Da hunturu ma busasshiyar iska mai ƙura takan tara wuta a doguwar waya har ta ɗana mutum ko ta ƙona rediyo, don haka in ba a sauraro a cire.

Sauraro daban, watsawa daban

Duk abin da na bayyana na sauraro ne. Watsa magana ta iska sai da lasisin gwamnatin tarayya. A halin rashin tsaron da muke ciki kuma, wanda aka gani da oba-oba ba takarda zai sha tambayoyi, ana iya ɗaukarsa mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Ko eriyar sauraro ce, in siffarta baƙuwa ce a unguwa, ka sanar da mai unguwa da maƙwabta, ka kunna musu su ji abin da take kamawa. Na'urar ƙara ƙarfin sabis ɗin waya da wasu ke ɗaurawa ma NCC ta yi gargaɗi a kanta, domin tana dagula layin maƙwabta.

Akwai halastacciyar hanya ga mai son watsawa. A duniya akwai masu rediyon sha'awa, waɗanda ke karɓar lasisi su haɗa kayansu da hannunsu su yi magana da takwarorinsu na wasu ƙasashe. An kafa ƙungiyarsu ta duniya a birnin Paris a 1925, suna kuma bikin ranarsu kowace 18 ga Afrilu. Lambar kiran ɗan Najeriya da 5N take farawa, ta ɗan Nijar da 5U. Lissafinsu shi ne namu: a kan megahaz 14, waya mai mita 10, biyar kowane hannu, tana iya kai murya Turai. Lokacin girgizar ƙasar Nepal a 2015, da layukan waya suka lalace, irin waɗannan mutane sun taimaka wajen isar da saƙonni.

Ina kira ga malaman lantarki na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke nan Mafara, da malaman kimiyya na sakandarenmu, su sa ɗalibai su auna su yanka eriya da hannunsu, su kuma nemi lasisin kafa kulob ɗin rediyo bisa ƙa'ida. 'Yan'uwana masu gyara, in an kawo muku rediyo ku fara tambayar inda ake sauraro kafin ku ɗauki sukundireba. Kai kuma maigida, kafin ka sayi sabo, gwada waya mai santimita 143 a saman gora, nesa da wayar wuta. Allah Ya tsare mu, Ya zaunar mana da Zamfara lafiya.