Darasi: Yadda Ake Neman Taurarin Farko

Jama'a, darasinmu na wannan wata a kan taurari ne.

Idan ka doshi Lolo, a bakin iyakar Binin, ranar kasuwa, tun daga nesa za ka ji hayaniya. Ba za ka rarrabe muryar kowa ba, amma ka san kasuwa ta cika. To, haka masana ke neman taurarin farko. Sun yi nisan da ba a ganin su ɗaya bayan ɗaya, sai dai a auna haskensu a haɗe.

Ku sani, haske tafiya yake yi, kilomita 300,000 cikin daƙiƙa ɗaya. Hasken rana yana yin minti 8 kafin ya iso gonarka. Na Kaza da 'Ya'yanta kuwa sai ya yi fiye da shekara 400. Ke nan mai kallon tauraro, tsohon haske yake gani.

Masana sun ƙiyasta cewa sararin samaniya ya shekara biliyan 13.8. An daɗe babu tauraro ko ɗaya, sai duhu. Bayan shekara miliyan 100 zuwa 200, taurarin farko suka kama ci. Manya ne ƙwarai, kuma ba su daɗe ba suka ƙone. Doguwar tafiya ta sa haskensu ya koma irin wanda ido ba ya gani, kamar ɗumin murhu da aka kashe.

A 2005, wani masani a hukumar NASA ta Amurka, Alexander Kashlinsky, da abokan aikinsa suka yi amfani da na'urar hangen nesa mai suna Spitzer, wadda ke can sama. Ta ɗauko hoton wani gefe na sararin samaniya. Suka cire hasken duk taurarin da aka sani daga hoton, kamar yadda ake tsince tsakuwa a shinkafa. Sai ga wani ɗan haske ya rage. Suka ce mai yiwuwa na taurarin farko ne. Wasu masana suka ce a'a, na taurarin da suka fi kusa ne. Ana ta bincike. A 2021 an harba babbar na'ura mai suna James Webb don ta ƙara hangowa.

Ina ruwan manomi da wannan? Ai ƙarfen fartanyarka, da sinadarin ƙarfe da ke cikin jininka, a cikin taurari aka dafa su. Taurarin farko ne suka soma wannan aiki.

Tambayoyi
1. Minti nawa hasken rana ke yi kafin ya iso mu?
2. Don me ba a ganin taurarin farko ɗaya bayan ɗaya?
3. Ka fita da dare lokacin da babu wata. Rubuta jimla uku a kan abin da ka gani a sama.