Hawan Dutse a Dajin Yankari: Abin da Baƙo Ya Kamata Ya Sani

Gandun dajin Yankari yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri, kudu maso gabas da garin Bauchi. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Yawancin masu zuwa, ruwan ɗumi na Wikki ke kawo su. Wasu kuwa sai sun taka sayyadarsu, su hau tsaunin Kalban ko su leƙa kogwannin Marshall da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse.

Ba a shiga wannan daji a ƙafa sai da rakiyar jami'in gandu, domin gidan giwaye ne da ɓauna. Ana yin sammako, musamman a watannin Maris da Afrilu da rana ke ƙuna tun hantsi, kowa da gorar ruwansa. Wanda jiri ya ɗebe shi ko kansa ya fara sarawa, a zaunar da shi a inuwa nan take. Tufa mai haske ta fi, don ƙudan tsando baƙi da shuɗi yake bi.

Masu rakiya sun fi fargabar gangarowa a kan hawa. A lokacin gwiwa ta saki, tsakuwa tana zamewa ƙarƙashin sawu, da damina kuma gansakuka ta mai da dutse kamar an shafa masa sabulu. Abin takaici, har yanzu ana ganin masu zuwa da silifas.

Babban haɗari shi ne maciji, musamman kububuwa mai lafewa ƙarƙashin duwatsu, launinta ya saje da ƙasa. Kada a zura hannu inda ido bai gani ba. Dafinta yana hana jini daskarewa, don haka mutum kan ji kamar lafiya lau, daga baya dasashinsa ya soma zubar da jini. Idan an yi sara, kada a ɗaure tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, a tallafe gaɓar kada ta motsa, a ɗauki mutumin a garzaya asibiti mafi kusa. Allurar kashe dafi ce kaɗai maganin, kuma akwai asibiti na musamman kan saran maciji a Kaltungo, Jihar Gombe.