Ɗinka wa Majinyaci Abin Rufa: Tsarin da Ya Fi Sauri da Dacewa

A cikin kayan dubiya da aka saba kai wa marar lafiya, daga lemo da ayaba zuwa kunu a fulas, ba kasafai ake tuna abin rufa ba, alhali wanda jinya ta kwantar yakan shafe mafi yawan sa'o'insa ne a ƙarƙashin mayafi. Masu sha'awar ɗinki a unguwar Tunga ta Minna da kewayenta, inda shagunan teloli ke tara guntayen atamfa da shadda kullum, sukan yi niyyar harhaɗa irin waɗannan ƙyallaye su zama abin rufa mai ninki biyu ko uku, amma da yawa sukan tsaya a wajen zaɓen tsari, domin zane-zanen taurari da alwatika da ake gani a hotuna suna cin makonni, ita kuwa jinya ba ta jiran mai ɗinki.

Tsarin da ya fi dacewa da wannan buƙata shi ne na dogayen layuka, kuma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Luru, bargon auduga da aka san masaƙan Hausa da shi, ana yin sa ne ta hanyar saƙa ƙyalle siriri mai tsawo, wanda ake kira ƙwarya, sannan a jera ƙwarya kusa da ƙwarya a ɗinke har faɗin ya kai yadda ake so. Mai aiki da atamfa zai iya bin wannan hanya, sai dai shi yankawa zai yi maimakon saƙawa. Lissafin ma yana nuna fifikonta: fallen zane yadi 2 ne, wato inci 72, kuma idan aka yanka layuka 7 masu wannan tsawo, kowanne da faɗin inci 7, aka bar rabin inci a kowane gefe don ɗinki, za a sami mayafi mai faɗin kusan inci 42 da dogon ɗinki 6 kacal. Da a ce murabba'ai masu inci 6 aka zaɓa, wannan girman zai buƙaci guda 84, kuma dole kusurwar kowanne ta haɗu da ta maƙwabcinsa daidai, abin da yakan gagari wanda hannunsa bai faɗa ba. Idan ƙyallen da aka samu bai kai tsawon ba, sai a haɗa gajeru biyu ko uku su cika layi ɗaya, kuma rashin daidaituwar mahaɗan yana ƙara wa aikin kama da saƙar gargajiya.

Zaɓen yadi ya fi zaɓen zane muhimmanci, domin fatar wanda ya daɗe a kwance takan yi laushi, ƙaramin kaushi kuma yana iya dame ta. Auduga zalla ce ta dace, saboda tana shan gumi kuma tana jure wanki da ruwan zafi. Leshi da duk wani yadi mai duwatsu ko ƙyalƙyali ko santsin roba a ajiye su gefe. Sabuwar atamfa tana zuwa da ƙarfi a jikinta, wata ma tana zuba, don haka wajibi ne a wanke kowane ƙyalle a goge shi kafin almakashi ya taɓa shi, in ba haka ba wankin farko zai sa wani ya tsuke wani bai tsuke ba, ɗinkin ya tattare. Shafi, wato ninkin da ke taɓa jiki, ya kamata ya zama falle ɗaya marar mahaɗi, kuma tsohon zane mai tsafta da ya sha wanki ya fi sabo taushi. Faɗin atamfa yakan kai kimanin inci 45, wanda ya wadatar da mayafin da aka lissafa. Wanda ke son faɗin inci 54 sai ya yanka layuka 9 ya yi shafi da zanen gado na auduga, irin wanda ake samu a Kasuwar Kure.

Batun kauri kuwa ya danganta da lokaci da kuma irin ciwon. A Minna zafin Maris da Afrilu yakan haura digiri 35, don haka ninki biyu ya isa, amma a hunturun Disamba da Janairu ana iya saka tsohon zane na uku a tsakiya, musamman ga mai ciwon sikila, wanda sanyi na cikin abubuwan da ke tayar masa da ciwo. Matan yankin Bengal, a Bangaladash da gabashin Indiya, sun daɗe suna yin haka da tsofaffin tufafinsu a ɗinkin da suke kira kantha. Soso ko dunƙulen auduga bai dace ba, domin yana jinkirin bushewa a damina kuma yana riƙe wari. Ya kamata masu jinya su sani cewa wanda zazzaɓi ya yi wa zafi ƙwarai ba a lulluɓe shi da abu mai nauyi ko da yana rawar ɗari.

Wajen haɗawa, a shimfiɗa fuskar da aka harhaɗa da shafin suna kallon juna, idan akwai ninki na uku a ɗora shi a kansu, a zagaye gefuna da keken ɗinki a bar ƙofa kamar taƙi ɗaya, a juyo cikin waje, a goge, sannan a rufe ƙofar. Daga nan sai a bi tsawon mayafin da layukan ɗinki masu tazarar faɗin tafin hannu, da keke ko da allura, don kada ninkin ya zame a wanki. Wanda ya saba da keke zai iya gamawa cikin yini ɗaya ko biyu, wanda kuma ba shi da keke zai iya yanka da jerawa a gida ya kai wa tela dogayen ɗinkin.

Launi ma yana buƙatar hankali. Fari sol ba ya yi wa zuciyar marar lafiya daɗi saboda kamarsa da likkafani, kuma yana saurin nuna tabo. Shuɗin baba da ruwan ƙasa da ɗan ja a tsakani sun fi kwantar da ido. Bai kamata a rubuta aya ko sunan Allah a jikin mayafin ba, tun da abu ne da najasa za ta iya taɓawa. Idan majinyacin yana kwance a asibiti, kamar Babban Asibitin Minna ko Asibitin Ƙwararru na IBB, a fara tambayar ma'aikatan jinya kafin a kai masa, domin akwai ɗakunan da ba a yarda a shiga da kayan shimfiɗa daga waje ba, musamman bayan tiyata, kuma a irin wannan hali sai a wanke mayafin a goge a ajiye masa a gida har ranar sallama.